Yadda na rage bugun iska a kan babur tsakanin Katsina da Daura

Shekara biyu ke nan da na sayi babban babur na doguwar tafiya, na hannu, mai girman inji 650cc, domin kusan kowane ƙarshen mako nakan bar Katsina in je Daura in gaishe da mahaifiyata, sannan sau ɗaya ko sau biyu a wata harkokina sukan kai ni Kano. Kafin nan ƙaramin mashin nake hawa, irin wanda ya cika gari, kuma na sha zuwa Daura a kansa ba tare da iska ta dame ni ba, in ban da busar da leɓe da cika ido da ƙura. Saboda haka da na ga sabon babur ɗin yana da gilashi a gaba, sai na ɗauka na rabu da iska ke nan. Abin da na tarar a tafiyata ta farko ya saɓa wa wannan zato ƙwarai da gaske. Da zarar allurar mita ta haura kilomita 80 a awa, sai in ji kamar an sa tafin hannu biyu ana marin hular kwanona dama da hagu, da sauri da sauri, har rubutun allunan bakin hanya ya riƙa rawa a idona. Ban kai Mashi ba sai da wuyana ya ƙage. Da na isa gida Inna ta dube ni ta ce, "Kai kuwa lafiya? Idanunka sun kaɗa sun yi ja, ina yi maka magana kana ta na'am kamar ba ka ji." Gaskiyarta ce, domin a wannan dare kunnuwana kwana suka yi suna ƙara.

Tunanin da ya fara zo mini shi ne wanda yake zo wa kowa, wato gilashin ya yi gajarta. Na sa aka kawo mini wani daga Kano wanda ya fi na asali tsawo da kusan taki guda, na ɗaura, na kama hanya cike da murna. Ƙirjina da kafaɗuna sun sami sauƙi, amma bugun bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Ya koma ƙoƙon kaina da ƙeyata, har nakan ji kamar ana tura kaina gaba daga baya. Sannan wata matsala ta ƙaru wadda ta fi ta farko haɗari: gilashin ya wuce tsayin idona, ya zama ta cikinsa nake kallon titi. Wanda ya baro Daura da la'asar sakaliya yamma yake fuskanta, rana tana tsakar idonsa, kuma idan hunturu ne ƙura ta riga ta kwanta a kan gilashin tun kafin a yi nisa. Wata rana a irin wannan lokaci saura ƙiris in afka wa amalanke, domin hasken rana ya bazu a kan ƙurar, gilashin ya zama fari fat kamar bango. Daga ranar na cire shi.

A tsakar gidanmu na Daura na fahimci abin da yake faruwa. Ina zaune da hantsi a gindin katanga ina fakewa iskar hunturu, sai na lura cewa duk wata leda da busasshen ganyen bedi da ke gidan a nan suke taruwa, suna juyawa, su tashi sama su dawo, su sake bugun bango. Can ɗaya ɓangaren kuwa, bayan zanan da aka killace awaki da shi, harawar da aka zuba tana kwance abinta ba ta ko motsi, alhali iska ɗaya ce take bugun wuraren biyu. Katanga tana tare iska ɗungurungum, sai iskar ta haura ta sama, ta bar bayan katangar da ƙarancin iska, kuma wannan gurbi shi yake jawo ta ta faɗo ciki tana murɗawa. Zana kuwa yana barin kaɗan ta ratsa ta ƙofofinsa, wadda ta ratsa ɗin ta cike gurbin a hankali, don haka babu abin da zai jawo ta sama ta faɗo. Dalilin ke nan da ya sa layukan itatuwa da aka dasa a arewacin jiharmu domin kare gonaki suke aiki, domin suna rage wa iska ƙarfi ne ba tare da sun toshe ta ba.

Gilashin babur katanga ce ƙarama, mahayi kuma a gindinta yake zaune. Iskar da ta haura gefen sama na gilashin tana karyewa gunduwa-gunduwa, kuma tsakanin iska mai gudu ta sama da iska mai kwanciya ta bayan gilashin akwai wani layi inda suke cakuɗewa. Duk wanda kansa ya dace da wannan layi, shi ne yake shan mari. A kan ƙaramin mashin ɗina na da, iska tana zuwa ne a miƙe, tana turi bai ɗaya, wuya kuma yana iya jingina da turi bai ɗaya na tsawon awowi. Abin da wuya ba ya jurewa shi ne turi da saki sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, alhali yana ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5 da hular kwano mai kusan kilo ɗaya da rabi. Da na gane haka sai na daina neman abin da zai raba ni da iska gaba ɗaya, na koma neman inda take karyewa.

Akwai gwaji guda biyu da ba sa cin ko sisi, kuma da na san su tun farko da ban ɓarnatar da kuɗina a kan dogon gilashi ba. Na farko, a miƙaƙƙen titi da babu kowa, mutum ya riƙe gudu ɗaya, ya ɗan miƙe zaune ya ɗaga kansa sama da yatsu huɗu, sannan ya ɗan duƙa ƙasa da yatsu huɗu, ya ji a ina ne bugun ya ragu. Idan ɗagawa ce ta kawo sauƙi, to gajeren gilashi ne maganinsa, domin zai sauke layin cakuɗewar zuwa ƙirji ya bar kai cikin miƙaƙƙiyar iska. Idan duƙawa ce, to ƙarin tsawo kaɗan zai iya wadatarwa. Na biyu, ya saki hannun hagu na ɗan lokaci, ya kai tafinsa gefen gilashi, ya kai bayan madubi, ya kai saman tanki kusa da wuyan babur, yana saurare. Inda duk tafin hannu ya tsaya bugun ya lafa, daga nan iskar take fitowa. Wannan gwaji na wanda ya ƙware ne, a inda babu rami babu ababen hawa, kuma ba na son kowa ya yi shi a cikin gari ko da yamma lokacin da dabbobi ke komawa gida.

Ni da na kai hannuna saman tanki, daidai ramin da ƙafafun gaba suke ratsawa su haɗu da kan babur, sai rabin ƙarar ta ɗauke nan take. Ban yarda ba sai da na maimaita sau uku. Ashe iskar da take damuna ba duka ta saman gilashi take zuwa ba, akwai wadda take shigowa ta ƙasa, ta bayan tayar gaba, gurbin da ke bayan gilashin yana zuƙo ta sama, ta bi ƙirjina ta shiga ƙarƙashin haɓar hular. Domin in tabbatar, na sayi zaren ulu ja a kasuwa, na yayyanka shi tsawon ɗan yatsa, na manna da salatif a gefen gilashi da kan tanki da kafaɗun rigata, na goya ƙanena a baya ya ɗauki hoton bidiyo da waya. Da muka tsaya a inuwa muka kalla, zaren da ke gefen gilashi yana kwance baya sumul, amma na kan tanki tsaye yake yana kallon sama, wasu ma gaba suke nunawa, suna karkarwa. Ƙanena ya ce, "Yaya, dubi wannan, iskar ai komawa take yi inda ta fito." Haka abin yake, a bayan gilashi iska takan juyo ta nufi gaba.

Daga nan na tafi wurin bakanikena, wani dattijo da ya daɗe yana gyaran manyan babura, na nuna masa hoton. Na ce, "Baba, so nake a mayar da gilashin asali, amma a ɗaga gindinsa daga jikin roba yadda iska za ta riƙa shiga ta ƙasa." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, sai an sa dogayen notuna, kuma roba za mu sa a tsakani, in ka ɗaure shi da ƙarfe zalla girgizar hanya za ta tsaga shi daga bakin huda." Ya yanko zobban roba masu kauri, ya jera su a ƙarƙashin kowane noti, har gindin gilashin ya rabu da jiki da kamar faɗin yatsa biyu. Wannan tazara ita ce ƙofar zana. Iskar da take shiga ta nan tana bin bayan gilashin ta hau sama, ta cike gurbin, sai ta saman ta daina faɗowa da ƙarfi. Masu ƙera manyan baburan tafiya da yawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa za ka ga gilasansu da huda a ƙasa ko kuma an ɗaura su nesa da jiki.

Ramin wuyan babur kuwa mun rufe shi da faifan roba mai laushi da aka yanka daidai wurin. A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan fiye da ko'ina, domin ta wurin wayoyin totur da kuloci da bututun man birki suke bi. Baba ya sa na murɗa kan babur har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, inji yana kunne, yana sauraren ko ƙarar injin za ta canza, wanda zai nuna wayar totur ta maƙale. Sai da ya rage robar sau biyu kafin ya gamsu. Haka kuma bai yarda mu toshe ko kaɗan daga hanyar iskar da take zuwa lagireto ba, kuma ya yi daidai, domin a watan Afrilu zafin Katsina yakan kai digiri 40, inji yana buƙatar duk iskar da zai samu.

Madubai ma sun ba da nasu. Na asali faffaɗa ne masu kusurwa, suna tsaye daidai inda iskar gefen gilashi take wucewa, sai su karya ta su aiko wa kafaɗa da kunne. Na matsar da su waje da ɗan ƙarfen ƙari, abin ya ragu kaɗan, kuma na ƙara samun ganin baya da kyau. Daga bisani na ƙara wani ɗan fiffike da ake maƙalawa a saman gilashi, irin wanda kamfanoni kamar MRA na Jamus da Puig na Sifaniya da Givi na Italiya suke yi. Amfaninsa shi ne akwai tazara tsakaninsa da gilashin, iska tana ratsawa ta tsakiya, yana ɗaga ta sama ba tare da ya haifar da babban gurbi ba, kuma ana iya karkata shi da hannu. Na tsayar da shi yadda gefensa na sama yake daidai da hancina idan na zauna yadda na saba, ina kallon titi ta samansa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne haƙurin canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Na zaɓi wani miƙaƙƙen yanki a hanyar Daura, ina bin sa zuwa da dawowa, a gudu ɗaya, da hula ɗaya, da riga ɗaya, kuma da sassafe, domin iskar hunturu takan ƙara ƙarfi idan hantsi ya ɗaga. Zuwa da dawowar wajibi ne. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, Daura kuma gabas take da Katsina, saboda haka mai zuwa yana karo da ita ta gaba da hagu, mai dawowa kuma tana bin bayansa. Idan kana gudun kilomita 100 iska mai gudun 20 tana fuskantarka, jikinka 120 yake ji, kuma turin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudu, domin idan gudu ya ninka sau biyu turin ninkawa yake sau huɗu. Daga 100 zuwa 120 ƙarin kashi 44 cikin ɗari ne. Wanda ya gwada sabon gilashi a hanyar dawowa kawai zai yaba masa a kan aikin da iskar baya ta yi. Wannan lissafi kuma shi ya nuna mini cewa sauka daga 100 zuwa 80 yana rage turin da kashi 36 cikin ɗari, alhali a tafiyar kilomita 80 minti 12 kacal yake ƙara wa mutum.

Sai kuma abin da mahayi yake sawa a jikinsa, wanda a wurinmu nan yake da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Hular kwano da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu girma ɗaya ne, suna yi wa mutum yawa, kuma hular da ba ta kama kunci da goshi ba tana rawa ita kaɗai kafin kai ya motsa, sai kowane bugu ya zama biyu. Gwajinta shi ne ka ɗaure igiyar, ka kama hular da hannu biyu ka juya ta, idan fatar kuncinka ba ta bi ta ba to ta yi maka yawa. Na sayi mai rufe fuska duka, daidai kaina, mai tambarin ECE na ƙa'idar Turai, tana da ɗan ƙyalle a ƙarƙashin haɓa da yake hana iska shigowa ta ƙasa. Irin hular nan mai baki a goshi kamar hana-salla tana da amfani wajen kare rana, amma a bayan gilashi bakin nan yakan kama karyayyar iska ya riƙa fizgar kai, don haka masu ita su gwada cire shi su ji bambanci. Game da tufafi, ina ƙaunar kaftani da babbar riga kamar kowane Bakatsine, amma a kan babur sukan cika da iska su riƙa faɗaɗa suna jan kafaɗa, kuma bakin riga yana iya shiga sarƙa ko taya. Yanzu nakan ninke su a akwatin baya, in sa jaket mai kama jiki, in na isa in canza kafin in shiga gaisuwa. Ƙyallen da nake naɗawa a wuya saboda ƙura kuma nakan cusa bakinsa cikin jaket, kuma na lura yana rage ƙarar da ke shiga ta ƙasan hula.

Kunne shi ne abin da na fi jin takaicin sakacin da na yi da shi. Ƙarar iska a cikin hular kwano a gudun babbar hanya takan wuce desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), iyakar da masana lafiyar ma'aikata suke amfani da ita kuwa ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. A desibel 94 awa ɗaya ke nan, tafiyar Kano kuwa ta fi awa biyu. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Auduga da muke cusawa ba ta tare wani abin kirki, abin da yake aiki shi ne ɗan soson nan na toshe kunne da ma'aikatan masana'antu suke sawa, a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura shi, a jira ya kumbura. Na ji tsoron zai hana ni jin hon, amma na tarar ina jin hon da ƙarar injina fiye da da, domin gunjin iskar da yake danne su ya sauka.

Akwai kuma iskar da babu noti ko roba da zai yi maganinta. Kano kudu maso gabas take da Katsina, don haka a hunturu mai bin Charanchi da Kankiya da Bichi iska ta hagunsa take bugunsa, gefe sosai. A inda titi yake guda ɗaya, tirelar da ke tahowa ita ma ta hagu take wucewa, sai ta fara tura ka da iskar gabanta, ta tare maka iskar hunturu na daƙiƙa guda har babur ya karkata wajenta domin dama ka jingina da iskar, sannan ta wuce iskar ta dawo gaba ɗaya. Idan na hango daf ko tanka nakan matsa dama cikin layina tun da wuri, in matse tanki da gwiwoyi, in sassauta riƙon kan babur, in bar totur yadda yake. Ƙanƙame kan babur shi yake mayar da bugun da kafaɗa ta sha ya zama murɗa taya. Haka nake yi a ƙarshen layin itatuwa da bakin gada, inda iska take samun fili ba zato. Bin bayan babbar mota kurkusa kuwa zama ne a gindin katanga mai tafiya, gara a ja baya sosai ko a wuce ta idan hanya ta buɗe. Iskar hadari ta farkon damina, wadda takan taso daga gabas da jan ƙura a gabanta, ba na jayayya da ita, nakan sauka in nemi gini in fake, nesa da itace da turakun wuta.

Makon jiya na je Daura na dawo, hazo ya rufe gari, iska tana kaɗawa tun safe. Ina jin ta a saman hula da gefen kafaɗu tana turi a miƙe, rubutun alluna yana tsaye a idona, kuma na zauna hira da Inna har bayan isha'i ina jin duk abin da take faɗa. Abin da ya rage mini shi ne kujerar baya. Iskar da na ɗaga ta haura kaina a kan wanda na goya take sauka, ta bugi akwatin baya ta dawo masa a ƙeya, kuma ƙanena ya gaya mini cewa daga kilomita 90 hularsa takan fara rawa. Na sayi ƙarin zaren ulu, ranar Asabar za mu cire akwatin mu mayar da kayan cikin jakunkunan gefe, mu bi yankin nan na hanyar Daura zuwa da dawowa, wannan karon zaren a kafaɗunsa.